Kunyar Baba a Bakin Teku

Abin da na fara lura da shi ranar da muka sauka Doha shi ne babu wayoyin wuta a sama. Tun daga filin jirgi har unguwar Bin Mahmud goshina yana manne da gilashin mota, ina neman su. Ga fitilu, ga dogayen gidaje, amma sama fes, babu ko zare ɗaya. A garinmu, can gefen fadamar Haɗeja, a kan waya tsuntsaye suke hira, kurciya a gefe, tsattsewa a jere. Na ce a raina, to na nan a ina suke zama? Ban tambayi kowa ba. Ni ba mai tambaya ba ce, kuma mai tuƙa motar ba wanda zan iya tambaya ba ne.

Baba ne yake tuƙi, ni kuwa 'yarsa ce ta fari. A gidanmu ana kunyar ɗan fari, kuma Baba ya riƙe wannan al'ada gam. Bai taɓa kiran sunana ba. In zai ambace ni sai ya ce "yarinyar nan". Da safe in na durƙusa na gaishe shi, zai amsa da "lafiya" yana kallon wani wuri, shi ke nan maganarmu ta yini. A gida abin bai taɓa damuna ba, domin tun da aka yaye ni a ɗakin Kaka na tashi, ita kuwa ba ta gajiya da kiran sunana, ko da ba ta da aiken da za ta yi mini. Baba yana Katar yana aikin tuƙi, sai shekara-shekara muke ganinsa. Da aka ɗaga shi ya zama mai kula da direbobin kamfaninsu, sai ya sami damar kawo iyali, aka haɗo ni da Umma da ƙanwata.

A filin jirgi ya ɗauki ƙanwata ya ɗora a kafaɗa. Ni kuwa ina tsaye a gabansa, sai ya dubi Kawu, ƙanin Umma, wanda ya rako shi tarbarmu, ya ce, "Ce wa yarinyar nan ta sa rigar sanyi, akwai iska a waje."

Kawu ya juyo ya dube ni, fuska a ɗaure kamar mai karanta labarai. "Kin ji sanarwa daga fadar gwamnati."

'Yan watanni da zuwanmu korona ta shigo. Aka rufe makarantu, aka rufe masallatai, mu ma aka rufe mu a ɗaki biyu da falo. Kunyar da ta saba da gida mai soro da tsakar gida da ɗakin kaka, sai ga ta a wurin da in ka fito daga banɗaki dole ka gogi kafaɗar wani. In Baba ya shigo falo sai in zame kicin. In ya zo kicin neman ruwa sai in ga wani abu da ya kamata in ɗauko a ɗaki. Umma da ma ita ma ba ta kiran sunana, amma ita ta gaji da wuri. Ta ce, "A nan in na tsaya jin kunyarki, wa zai miƙo mini gishiri?" Ta fara ce mini "babba", muka ci gaba da harkarmu. Baba bai gaji ba.

Tagar ɗakinmu bayan wani gida take kallo, babu abin gani sai akwatunan esi masu sanyaya ɗaki a jikin bango. A nan na gane inda tsuntsayen Doha suke zama. Kowane akwati yana da bututu mai ɗigar da ruwa, kuma kowane bututu yana da masu shi. Akwai ƙananan kurciyoyi masu jan ƙirji. Akwai wata baƙa-baƙa mai rawayan baki da rawaya a gefen ido, tana tafiya tana buɗa ƙafa kamar ɗan sanda, in ta sauka kowa ya matsa. Akwai mai baƙin kai da farin kunci, wadda sai ta juya baya za ka ga ɗigon rawaya a ƙarƙashin wutsiyarta. Malama tana koyar da mu ta kwamfuta, ni na kashe kyamara, kunnena yana wurinta, idona yana kan bututu.

Kawu aikin gadi yake yi. Yana zaune a Najma, ɗaki ɗaya da wasu maza, har da 'yan Zango na Gana masu Hausa mai daɗin ji. Da aka sassauta kulle, ya koma zuwa cin tuwo gidanmu ranar Juma'a. Tsakaninsa da Baba akwai wasan ƙanin mata da mijin yaya, Baba yana ce masa "sarkin barci", shi kuma yana ce wa Baba "ranka ya daɗe" da wata irin murya da ba ta girmamawa ba. Wata Juma'a yana cin tuwo yana ba da labarin inda aka tura shi diyuti, can arewa wajen Al Khor, kusa da teku.

"Yaya," ya ce wa Umma, "na ga tsuntsun da aka rina. Wallahi ruwan hoda. Ƙafa kamar karan dawa, wuya kamar igiyar guga, kuma kai a ƙasa yake cin abinci, kamar mai neman allura."

Umma ta ce, "Barcin gadi dai ya kawo maka mafarki."

Ni kuwa idona yana kan Kawu. Lomar da na ɗebo ce kawai ta tsaya a hanya, tsakanin kwano da baki. Na ɗauka babu wanda ya gani.

Juma'ar da ta biyo Kawu ya zo da leda, ya miƙo mini. Madubin hangen nesa ne, baƙi, gefensa ya ɗan goge. Ya ce a kasuwar gwanjo ta Najma ya tsinto mini. Na kai igiyarsa hanci, na ji turaren da Baba yake ratayawa a motarsa. A gefen gilashin kuma akwai wani ɗan zare rawaya, irin na tsumman da Baba yake goge sitiyari da shi.

"Ni na sayo," in ji Kawu da ƙarfi. "Ko ba ni ba ne, ranka ya daɗe?"

Baba bai ɗago daga wayarsa ba. "Wa ya tambaye ka?"

Na gode wa Kawu, na ƙara gode masa, da muryar da za ta kai kujerar da Baba yake zaune.

Fitarmu ta farko a ƙarshen sanyi ce, lokacin da iska ta daina cizo amma rana ba ta fara duka ba. Bayan sallar asuba muka kama hanyar arewa, mu uku, kowa da takunkumi a fuska. Da muka bar kwalta muka gangara, na sauke gilashi, sai warin taɓo ya shigo, irin na fadamarmu, sai dai wannan da gishiri a cikinsa. Ga wasu gajerun itatuwa kore shar suna tsaye cikin laka, saiwoyinsu sun ɓullo sama kamar an kafa tsinkaye. Ruwa kuwa yana can nesa, siriri, yana ƙyalli.

Kawu ya riƙe ƙugu. "Ka ga rani ya ci tekun nan. Kwanaki har nan yake."

Baba ya gyaɗa kai, ya ce da ma haka ruwa yake, in lokacinsa ya yi sai ya ja baya. Mu mutanen kogi ne. A wurinmu ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma kafin ya iso an ji labarinsa daga garuruwan gaba. Saboda haka muka shiga can cikin fili, inda yashi ya yi tauri, Kawu ya shimfiɗa tabarma, muka aje fulas da takalmanmu a kai. Baba ya ce shi a mota zai zauna. Ni da Kawu muka nausa.

Ƙananan ƙaguwa suna gudu suna faɗawa rami a gabanmu. Na ɗaga madubi, na juya 'yar tayar da ke tsakiya kamar yadda na koya a taga, sai hazo ya washe, ga su. Kawu bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi rabi ba. Jikinsu fari ne da aka ɗan shafa wa hoda, jan na ainihi yana ɓoye a ƙarƙashin fiffike, sai ɗaya ya miƙe ya buɗe za ka gan shi, ja da baƙi. Bakinsu a karye yake a tsakiya. Suna taka laka da ƙafa, suna juyawa a wuri ɗaya, kai a cikin ruwa. Waɗanda ba su girma ba toka-toka ne, suna gefe, kamar ba a gayyace su ba. Daga baya na ji sunansu filamingo. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba.

Muryar Baba ce ta dawo da ni. Ban taɓa jin ya ɗaga ta haka ba.

"Kai! Sarkin barci! Ce mata ruwa! Ruwa a bayanku!"

Muka juya. Filin da muka tako ya zama tafki. Ruwan bai yi ƙara ba, bai yi igiya ba, ya zagayo ta bayanmu ne kawai ya kwanta. Can ga tabarma tana lilo, ga silifas ɗin Kawu sun rabu, kowanne ya kama gabansa.

"Innalillahi! Takalmina!" Kawu ya bi ɗaya da gudu, yana faɗuwa yana tashi.

Baba ya naɗe wando ya shigo. Ruwan bai wuce ƙwauri ba, amma laka tana riƙe ƙafa. Da ya iso inda nake bai kama hannuna ba. Ya sauke hiramin da ke kafaɗarsa, ya riƙe gefe ɗaya, ya miƙo ɗayan yana kallon gaba. Na kama. Haka ya ja ni har tudu, in na tsaya ya tsaya, in na cire ƙafa ya ci gaba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Wani tsoho Balarabe da ke gyaran raga a bakin tudu ya yi dariya har ya share ido. Ya nuna teku, ya tura hannu gaba, ya jawo baya, ya nuna mana cewa kullum haka yake yi, safe da yamma. Kawu ya iso da silifas ɗaya a hannu, jikinsa duk laka.

"To, ashe ruwan ƙasar nan ma shifti yake yi. Shi ma yana da kafil ke nan, ubangidan da ya kawo shi aiki."

Baba ya yi dariya, sai ya tuna ina wurin, ya mayar da ita tari.

Tun daga ranar Baba ya koyi duba lokacin ruwa a wayarsa. Ranar Alhamis da yamma sai in ji ya ce wa Umma, "Ce wa yarinyar nan gobe ruwa zai janye da hantsi." Muka yi ta fita har zafi ya kore mu, wani lokaci Al Khor, wani lokaci kudu wajen Wakra. A hankali Baba ya daina zama a mota. Yakan biyo mu a baya, hannu a goye, kamar wanda ya fito shan iska ya haɗu da mu a hanya. Maganarmu kuwa duk ta bakin Kawu take bi, ko da kuwa mu ukun muna tsaye wuri ɗaya.

"Ce mata wancan dogon mai toka zalɓe ne. Irinsa ne a gida."

"Ya ce zalɓe ne, kuma ya ce duk Doha babu yarinya mai hankalinki."

"Ban ce ba."

"A zuciya ka ce, ranka ya daɗe. Ni har ta zuciya nake fassarawa."

Ni kuma sai in ce, "Kawu, ka tambaye shi ko zalɓen gida ma yana tsayawa da ƙafa ɗaya." Kafin Kawu ya buɗe baki Baba ya riga ya fara ba shi amsa.

Wata safiya muka ga tsuntsu mai siffar balbela amma baƙi, baƙin toka. Kawu ya ce balbela ce ta faɗa cikin baƙin mai, ai ƙasar mai ce. Baba ma da alama bai taɓa ganin irinta ba. Na daɗe ina kallonta. Na ce, "Kawu, ba mai ba ne. Maƙogwaronta fari ne tas, mai ba zai tsallake maƙogwaro ba. Tafin ƙafarta rawaya ne. Kuma dubi farar can, irin rawar da take yi da fiffike a buɗe in za ta kama kifi, ita ma baƙar haka take yi. Balbela ba ta yin haka. Su biyun iri ɗaya ne, riga ce ta bambanta."

Baba ya miƙa wa Kawu hannu, Kawu ya karɓi madubi a wurina ya ba shi. Ya duba farar, ya duba baƙar. Ya daɗe. Sannan ya mayar wa Kawu.

"Ce mata ta yi gaskiya."

Wannan karon Kawu bai ƙara komai a kai ba. Ya faɗa mini yadda aka faɗa masa. Na yi kwanaki ina juya maganar a raina, in ina wanke-wanke, in ina ɗaure igiyar takalmin makaranta.

Da aka koma aji, wata ƙawata 'yar Masar, wadda take rataye wuyan babanta a ƙofar makaranta, ta tambaye ni ko ni da babana faɗa muke yi. Ta ce ta lura in ya zo ɗaukata ba ya ce mini komai. Na ce ba faɗa ba ne, na rasa yadda zan ƙarasa. Da ina da baki da na gaya mata cewa in ina kujerar baya na ɗaga madubi, motar da kanta take rage gudu. In na juya kai hagu, sai ta gangara gefen hagu ta tsaya, injin ya mutu don kada gilashi ya yi rawa. Mutumin da yake ba direbobi umarni yini guda, ta madubin mota yake karanta inda wuyana ya karkata. Ban san uban da ya kai shi iya wannan ba.

Amma akwai ranar da abin ya yi mini ciwo. A ƙarshen sanyi na biyu da fara fitarmu ne, lokacin garin duk ya zama wurin gini saboda gasar cin kofin duniya da ke tafe. Baba ya taɓa gaya wa Kawu cewa tun da ya bar gida bai ƙara ganin alhudahuda ba, kuma suna yara Kaka ba ta yarda a jefe shi, saboda an ambace shi a Alƙur'ani. Ran nan sufabaizan Kawu ya kira shi, ya yi nisa yana "yes sa, yes sa" a waya. Baba yana tsaye a bayan mota yana zuba shayi. Sai ga alhudahuda ya sauka a yashi, dab da dugadugansa. Na gan shi sarai ba tare da madubi ba, ruwan ƙasa-ƙasa, fiffike zane-zanen baƙi da fari, yana soka dogon bakinsa a ƙasa. Ya buɗe tukkunsa kamar mafici, ya rufe.

Na buɗe baki. "Baba, juyo" kawai ake bukata. Kunya ta hana maganar fita. Na nemi Kawu da ido, ya ba ni baya. Na yi gyaran murya, sai tsuntsun ne ya ji, ya tashi yana lilo kamar malam-buɗe-littafi, ya faɗa bayan itatuwa.

Da Kawu ya dawo na gaya masa. Baba ya dubi yashin da ke bayansa, inda ramukan bakin suke. Ya ce, "Ce mata..." Sai ya rufe fulas.

Gasar ta zo da sanyin shekarar. Aka ba mu hutun makaranta, tituna suka cika da tutoci da mutane masu fenti a fuska. Baba sai mu yini mu kwana ba mu gan shi ba, direbobinsa suna ta jigilar baƙi. Kawu ya sami sabon yunifom, aka sa shi a ƙofar filin wasa yana hanzarta 'yan kallo, yana ce wa duniya "yalla, yalla". 'Yan Zangon ɗakinsu ba su bar shi ya huta ba, tunda ƙasarsu ce ta hana tamu zuwa. Ya ce kullum sai sun tambaye shi ko a ajiye masa kujera ya kalli yadda ake ƙwallo. Ranar da aka cire Gana ya sayo musu shayin karak mai madara, ya ce na ta'aziyya ne.

Aikin Kawu da gasar aka ɗaura shi. Da ta ƙare, kamfaninsu ya ce khalas, aiki ya ƙare. Bai damu sosai ba, aure yake so ya je ya yi. Ranar da zai tafi ya same ni a kicin, ya saci nama ɗaya a tukunya, ya ce, "Babba, bakina da shi zan tafi, ba zan bar muku ba. Amarya tana bukatarsa. Ke da gwamna sai ku nemi naku."

Na yi dariya, amma da ƙofa ta rufe na gane abin da ya tafi da shi. Umma ta haihu a cikin sanyin nan, tana jego, ba ta fita. Babu mai tsayawa tsakanina da Baba, kuma in babu mai tsayawa babu fita. Sanyi ya fara ja da baya. Na san in zafi ya shigo filamingo za su tashi, da su da duk baƙin tsuntsayen da suke yada zango a bakin tekun. Na ɗauko madubi na zauna a falo ina goge shi, inda Baba zai gani. Juma'a ta wuce, wata ta wuce. Ya gani, na san ya gani, domin Alhamis da yamma nakan hango shi yana duba lokacin ruwa a waya, sannan ya kife ta.

Sai wata Alhamis ya kira ƙanwata, wadda lokacin ta shiga aji ɗaya. "Ce wa yayarki ta shirya gobe. Ke ma ki shirya."

Ƙanwata ba Kawu ba ce. Tun a hanya take kukan an tashe ta. Da muka isa Baba ya faka a wani fili mai tsakuwa da kwanson teku, can sama da inda ruwa yake kaiwa, ya ce, "Ce wa yayarki kada ta wuce itatuwan can."

"Yaya, Baba ya ce ki goya ni."

"Ba haka na ce ba."

"To ni na manta. Wurin nan wari yake. Sauro ya cije ni. Ni ba zan ƙara zuwa ba, ko an ce za a saya mini askirim."

Ta koma kujerar baya ta kwanta, kafin a jima ta yi barci. Baba ya zauna a gaba, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Ni na san ƙanwata, in ta ce ba za ta ƙara ba, ba za ta ƙara ba. Wannan ce fita ta ƙarshe ke nan.

Na gangara ni kaɗai. Filamingo sun ragu, waɗanda suka saura sun yi ja fiye da yadda na san su. Ƙananan masu bin bakin ruwa sun fara sauya riga, wasu ƙirjinsu ya yi ja-ja, suna ci ba ɗagowa kamar masu shirin doguwar tafiya. Wani shaho mai farin ciki ya faɗo ruwa da ƙafa, ya tashi da kifi, ya juya kan kifin gaba kafin ya wuce. Sau biyu na juya zan ce "Kawu, duba", babu kowa sai sawuna a laka.

Da rana ta ɗaga na san lokacin komawa ya yi, saboda masallaci. Ina hawowa tudu na ji Baba ya tayar da mota, zai matsa gaba ya juyo da ita. Sai wata 'yar tsuntsuwa ta gilma a gabana. Na san irinta, ƙanana ne masu launin yashi da baƙin ɗigo a gefen wuya, masu gudu kamar an sa musu taya, su tsaya cak, su sake gudu. Amma wannan tana jan fiffike ɗaya a ƙasa, tana faɗuwa, tana waiwayena. Na tausaya mata, na bi ta, sai ta ƙara gaba kaɗan ta sake faɗuwa. Na lura fiffiken da take ja ya sauya. Da na dama ne, yanzu na hagu.

Na daina kallonta, na dubi inda ta fito. Tsakuwa, kwanso, tsakuwa. Sai tsakuwa uku suka yi kama da juna fiye da kima, kawunansu masu tsini duk suna kallon tsakiya. Ƙwai ne, launin yashi da ɗige-ɗigen baƙi, a ɗan wurin da aka share. Suna daidai gaban tayar mota, tayar kuwa ta fara juyawa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na sha gaban motar na ɗaga hannu.

"Baba, tsaya!"

Motar ta tsaya har ta yi tsalle. Muryar da ta fito ban san tawa ba ce. Ta gilashi na ga Baba ya waiwaya kujerar baya, ƙanwata tana barcinta baki buɗe. Ya juyo. Ya kashe injin, ya fito.

Na nuna da yatsa. Ya duba, bai ga komai ba, ya ɗaga ƙafa zai matso.

"A'a, Baba, kada ka taka nan. Ka bi ta bayana. Ka ga farin kwanson can mai fashi? Ka dubi hagunsa kaɗan. Ba tsakuwa ba ne."

Tun da aka haife ni ban taɓa jera masa magana mai tsawon wannan ba. Ya bi ta inda na ce. Ya tsuguna, ni ma na tsuguna, gefen rigarsa yana taɓa hijabina. Na ji lokacin da ya gani, domin numfashinsa ya tsaya.

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

Uwar ƙwan ta daina wasan karaya, ta tsaya a kan wani dutse tana kallonmu, tana ɗaga kai tana saukewa. Baba ya dubi mota, ya dubi teku, sannan ya dubi tsuntsuwar.

"Ke mai gida," ya ce mata, "ce mata ta yi ido. Ce mata Allah ya yi albarka."

Na ce amin. Ban bi da ita ta hannun kowa ba.

Fitar da motar sai da dabara, domin a baya akwai yashi mai laushi, a gaba akwai ƙwai. Baba ya shiga, ya sauke gilashi, ya jira. Na gane ni yake jira. Na tsaya inda zai gan ni, na yi masa alama da hannu kamar yadda na ga yaransa suna yi a garejin kamfani: baya, baya, karya dama, tsaya. Duk abin da hannuna ya ce, shi motar ta yi. Kuma don ya ga hannun dole ya dube ni, ba ta madubi ba, ido da ido, har tayar ta yi nisa da gidan tsuntsuwar.

Bai ce a tafi ba. Ya fito ya fara ɗebo manyan duwatsu, yana jerawa nesa-nesa da ƙwan, yadda duk direban da ya zo zai kauce. Na taya shi. Shi ya ɗauko, ni in nuna inda za a aje. Kafin mu gama uwar ta sulalo ta koma, ta gyara zama a kan ƙwanta, ta ɓace a cikin tsakuwa muna kallonta.

Baba ya karkaɗe hannu, ya nufi mota. Na san in ya kama ƙofar nan ya zauna, ƙanwata za ta farka, komai zai koma yadda yake. Na dubi bayan rigarsa, inda gumi ya jiƙa.

"Baba."

Ya tsaya, hannunsa a kan ƙofa. Bai juyo ba, amma ya karkato kunne.

"Za su ƙyanƙyashe kafin zafi. Ina so in ga 'ya'yan. Juma'a mai zuwa ka bar ta ta yi barcinta a gida, ka kawo ni. Mu biyu."